Me ya sa nake jan ayari har Mirya, amma a dawowa abokaina su wuce ni?

Tambaya: Wani matashi daga unguwar Birni a Damagaram ya aiko yana cewa shi da abokansa uku suna fita da kekunan tsere da safiyar Lahadi, su je Mirya su dawo. Ya ce ya fi su ƙarfi, don haka shi ke gaba kusan dukan tafiyar, amma da an doso gari sai su taso su wuce shi, shi kuwa ƙafafu sun mutu. Yana tara kuɗi ya sayi wili na kabon, wani abu mai ƙarfi marar nauyi da ake ƙera kayan tsere da shi, ko keke marar nauyi. Yana son ya sani: da gaske ne wanda ke baya yana samun sauƙi, nawa ne sauƙin, kuma sunkuyawa a kan keke tana da amfani a irin gudunsu ko sai ga ƙwararru?

Amsa: Ƙanena, ka riƙe kuɗinka tukuna. Abin da ke cin ka a hanyar Mirya ba a kanti ake sayen maganinsa ba. Da gaske ne na baya yana samun sauƙi, sauƙi mai yawa ma: a irin gudun da kuke yi, wanda ya manne da tayarka ta baya yana rage kusan kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ƙarfin da kai kake kashewa. Gyara zamanka a kan keke zai iya rage maka wani kashi 10 zuwa 15. Wilin da kake wa tanadi kuwa da ƙyar ya ba ka kashi 3 ko 4. Zan nuna maka inda waɗannan alƙaluma suka fito, domin idan ka gane dalilin, kai da kanka za ka riƙa yanke hukunci a kan hanya ba sai an gaya maka ba.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya abubuwa uku ne ke cin ƙarfin mai keke: gugar taya da kwalta, ɗan abin da ke ɓacewa a sarƙa da giya, sai iska. Na sarƙa ƙanƙani ne, kashi 2 zuwa 3 idan tana da tsabta da mai. Na taya yana tafiya daidai da gudu, ka ninka gudu ya ninku. Ita iska tata ta sha bamban. Ka ninka gudunka sau biyu, turjiyarta ta ninku sau huɗu, kuma da yake kana ratsa ta da sauri ninki biyu, ƙarfin da za ka fitar a kowace daƙiƙa don ka ture ta ya ninku sau takwas. Shi ya sa tsoho mai zuwa Kasuwar Dole a kan kekensa da babbar riga bai damu da iska ba, kai kuwa da ka kai kilomita 35 a awa ita ce ke cinye kusan duk abin da ƙafarka ta bayar.

Ana auna ƙarfin da ƙafa ke ba feda da wat, irin wanda ake rubutawa a jikin ƙwan lantarki. Lissafin na iska ba shi da wuya. Ka ɗauki rabin nauyin iska, ka ninka da faɗin da kai da kekenka kuka tare ta fuskar gaba, wanda injiniyoyi ke gyarawa gwargwadon santsin siffa su kira shi CdA, sannan ka ninka da gudu sau uku a jere. A nan Damagaram muna sama da mita 400 daga doron teku, ga zafi, don haka iskarmu ta ɗan fi ta bakin teku sauƙi, kusan kilo 1.1 a kowace mita kubik, wato akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, maimakon 1.2. Mu ɗauka kai da kekenka kilo 80 ne, kana gudun kilomita 36 a awa, wato mita 10 a daƙiƙa, ranar da babu iska. Taya za ta ci kusan wat 40. Idan kana zaune a miƙe, hannuwa a saman kan keke, faɗinka ya kai murabba'in mita 0.40, iska ta ci wat 220. Ka ɗora hannuwa a kan robar birki kamar yadda yawancinku kuke yi, faɗin ya sauka kusan 0.35, wat 190 da ɗoriya. Ka kama lanƙwasar ƙasa ta kan keken, kusan 0.31, wat 170. Waɗannan faɗaɗe na matsakaicin mutum ne, dogo ko mai faɗin kafaɗa nasa zai ɗara, amma tsarin ba ya canzawa. Da za ka rage gudun zuwa kilomita 18 a awa, wat 220 ɗin nan zai koma ƙasa da 30.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, daga cikin turjiyar nan, jikinka ne ke jawo kashi 70 zuwa 80. Keken duka, da wili da firam da komai, sauran ne nasa. Kilo ɗaya da za ka rage daga nauyin keke a hanya marar tudu, a wannan gudun, rabin wat yake rage maka. Rabin wat. Da a Ruwanda kake, inda hawan tsauni ne sana'ar, da mun yi wata magana daban. Hanyoyinmu na Mirya da Takeita ɗan hawa da gangara ne kawai, nauyi ba ya yanke hukunci a kansu.

Yanzu mu zo kan abokanka. Idan kana tsaga iska, a gabanka tana taruwa ta matsa ƙirjinka, a bayanka kuma sai a samu wani gurbi mai ƙarancin matsi inda iskar ke birkicewa tana bin ka. Bambancin matsin gaba da na baya shi ne mafi yawan abin da ke ja ka baya. Wanda ya shigo cikin gurbin nan ya tarar da iskar da ka riga ka sa ta tafiya, don haka ba da cikakken ƙarfinta take bugun sa ba. An auna wannan tun da daɗewa. A 1990 wasu masu bincike a Amurka sun auna iskar numfashin da masu keke ke sha a kan hanya, suka ga bin bayan mutum ɗaya a gudun kilomita 32 a awa yana rage kashi 18 cikin 100, a gudun 37 zuwa 40 kuma kashi 27. Wanda ke bayan ayarin mutum takwas a gudun 40 ya samu ragin kashi 39. A 1999 aka auna ƴan tseren fili, wato masu zagaya filin keke na musamman, a jerin mutum huɗu da ke gudun kusan kilomita 60 a awa: na biyu yana fitar da kusan kashi 71 na ƙarfin na gaba, na uku da na huɗu kusan kashi 64. Ka lura, gurbin na uku ya fi na biyu daɗi, domin mutum biyu ne suka share masa hanya.

Sai kuma aikin Farfesa Bert Blocken, a lokacin yana jami'ar fasaha ta Eindhoven a Holand da jami'ar Leuven a Beljiyam, wanda aka wallafa a 2018. Shi da abokan aikinsa sun kwaikwayi ayarin masu keke 121 a kwamfuta, suka kuma gwada da ƙananan gumaka a ɗakin gwajin iska. Sun samu cewa a tsakiyar ayari daga baya, turjiyar iska tana sauka zuwa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na wadda mai tafiya shi kaɗai yake sha. Ayari ne cunkusasshe, hanya miƙaƙƙiya, babu iskar gefe, kuma har yanzu taya tana cin nata. Duk da haka wannan ne ya sa za ka ga a gasar Tour de France ayari yana tafe da kilomita 45 a awa, na tsakiya suna hira suna cin abinci. Shi ne kuma ya sa ƴan tseren ƙarshe irin su Biniam Girmay na Eritiriya, wanda ya ci tseren Gent-Wevelgem na Beljiyam a 2022 ya kuma ɗauki koriyar riga ta wanda ya fi tara maki a Tour de France ta 2024, suke wuni a ɓoye a bayan abokan ƙungiyarsu, ba sa nuna fuska ga iska sai saura mita ɗari biyu ko uku. Kai aikin waɗancan abokan ƙungiyar kake yi wa mutanenka kowace Lahadi, sannan kana so ka ci tseren ƙarshe.

Mu sa lissafin a kanku ku huɗu. Kana gaba a gudun 36, hannuwa a kan robar birki, kana fitar da kusan wat 230. Su suna bayanka da kusan wat 170. Tazarar wat 60 ce, awa guda cur. Jiki kuma ba ya jin wannan tazara a matsayin kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Kowane mai keke yana da wata iyaka wadda idan yana ƙasa da ita zai daɗe yana tafiya, idan ya matso kusa da ita ko ya haye ta sai sukarin da ke ajiye a tsoka ya riƙa ƙonewa da sauri, ƙafa ta yi nauyi. Wat 230 na iya zama bakin iyakarka, 170 kuwa a wurinsu tafiya ce da za su iya yi har azahar. Da an hango gari, kai ka zubar da ajiyarka a hanya, su tasu tana nan. Idan kuka raba aikin daidai, kowa ya yi kashi ɗaya cikin huɗu a gaba, matsakaicin kowannenku zai zama kusan wat 185. Da wat 185 ɗin nan, mutum shi kaɗai gudun kilomita 33 zai yi. A tafiyar kilomita 36, bambancin ya kai minti biyar. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, a keke ana iya lissafa shi da agogo.

Har na gaba ma yana ɗan samu. Wanda ya manne a bayanka yana cike wani ɓangare na gurbin nan mai ja ka baya, don haka turjiyarka tana sauka da kashi 2 zuwa 3. Kada ka ji haushin mai bin ka, ka dai buƙaci ya karɓe ka.

Tazara ita ce ke rage ribar ko ta ƙara ta. Sauƙin ya fi yawa a cikin rabin mita na farko tsakanin tayarka ta gaba da tayarsa ta baya. A tsawon keke ɗaya ya ragu amma har yanzu da yawa, kuma ba ya ƙarewa da wuri kamar yadda mutane ke zato. Ma'aunin su Blocken ya nuna mai keke da ke gudun kilomita 54 a awa yana samun ragin sama da kashi 10 daga babur da ke gabansa da mita 30. Ko motar da ke bin mai tsere a baya tana taimakonsa, shi ya sa hukumar keke ta duniya, UCI, ta ƙara tazarar motar rakiya a tseren agogo, inda ake sakin ƴan tsere bi da bi ana auna lokacin kowa, daga mita 10 zuwa 25 a 2023. Wannan albishir ne a gare ku, domin ba dole ba ne ku manne kamar ƴan fili. A hanyar da ke da ramuka da yashin da iska ke kwasowa bakin kwalta, ga awaki, ga amalanke, ga ƴan kabu-kabu, ku fara da tazarar mita ɗaya. Za ku samu mafi yawan ribar, kuma kuna da lokacin kaucewa. Ku rage ta a hankali idan kun san tafiyar juna.

Akwai ƙa'idojin da ba na sassautawa a kansu. Tayarka ta gaba kada ta shiga gefen tayarsa ta baya. Ya ɗan kauce wa rami, tayoyin suka gogu, na baya ne ke faɗuwa, kusan kullum, kuma waɗanda ke bayansa su hau kansa. Idonka kada ya tsaya a kan tayarsa, ka riƙa kallo ta gefen ƙugunsa zuwa hanya. Idan ka matso da yawa, ka daina taka feda ko ka ɗan fito cikin iska ta rage maka gudu, birki sai dole. Na gaba shi ne idon kowa, ya nuna rami da hannu, ya faɗa da baki. Idan ka karɓi gaba, ka riƙe gudun da ka tarar. Wannan shi ne ciwon masu ƙarfi irinka: da sun fito gaba sai su ƙara kilomita biyu ko uku, wanda ya sauka yanzu bai huta ba ya kasa kama jelar ayari, jeri ya watse. Idan ka fi su ƙarfi, ka tsawaita zamanka a gaba, su yi daƙiƙa 30 kai ka yi minti ɗaya, amma gudun ya zama ɗaya. Ka sauka tun kana da sauran ƙarfin kama tayar ƙarshe.

Dukan abin da na faɗa zuwa yanzu na ranar da iska ta kwanta ne, kuma ka san daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba kasafai muke samun irin ranar ba. Iskar hunturu daga gabas maso arewa take zuwa, kuma tana canza lissafin gaba ɗaya, domin abin da jikinka ke ji shi ne gudunka haɗe da nata. Ka ce kana gudun kilomita 27 a awa. Babu iska, turjiya tana cin kusan wat 80. Iskar gaba mai kilomita 18 a awa ta taso, gudunka bai canza ba, amma yanzu kusan wat 225 kake buƙata don iska kaɗai. Don haka a hunturu ko kuna rarrafe da kilomita 24, fakewa tana biya kamar kuna gudun 40. Abin da ka yi hasara a zuwa kuma ba ka mayar da shi duka a dawowa, domin ka fi daɗewa a ɓangaren wahala. Kilomita 18 a gudun 24 minti 45 ne, dawowa a gudun 36 minti 30, matsakaicinka bai kai 29 ba. Wurin da za ka fi sunkuyawa, ku fi haɗa kai, shi ne zuwa Mirya. A dawowa ka ɗan miƙe ka sha ruwa.

Da wuya kuma iska ta zo daidai saitin hancinka. Idan kun doshi gabas a hunturu, ta gaba ta hannun hagu take bugowa, don haka mafakar ta karkata, tana bayan mutum ta hannun dama. Wanda ya tsaya daidai bayan taya zai yi mamakin yadda yake shan wahala alhali yana baya. Nemo wurin da kunnenka: ka matsa dama kaɗan kaɗan har ka ji ƙarar iska ta ragu, feda ta yi sauƙi. Jerin sai ya zama a karkace, na gaba yana hagu, kowa yana ɗan baya da dama da wanda yake bi. Wannan jeri ne ke farfasa ayari a tserukan Beljiyam da Holand, kuma a Tour du Faso ta Burkina, da ake yi tun 1987 a ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai zafi irin tamu, iska ce ke yin aikin da tsauni ke yi a wasu wurare. A can an rufe hanya. Ku taku a buɗe take, rabinta kawai ne naku, kuma ba duka ba. Na gaba ya bar wuri ta damansa don abokansa su samu mafaka ba tare da sun faɗa yashin gefe ba, amma kada ya kusanci tsakiyar hanya. Mutum uku ko huɗu ne iyakar abin da zai shiga. Ranar da kuka yi yawa, ku rabu jeri biyu. Mai sauka daga gaba ya sauka ta ɓangaren da iska ke zuwa, ya kare abokansa yayin da yake komawa baya. A hanyar Tanut abin ya juye, kuna fuskantar arewa, iska ta dama, mafaka ta hagu wajen tsakiyar hanya, kuma hanya ce ta manyan motoci da tankokin mai. A can na fi son ku yi jeri ɗaya miƙe, ku haƙura da wani ɓangare na ribar. Da damina kuma iska daga yamma maso kudu take zuwa, komai ya koma akasin haka.

Tun da na ambaci manyan motoci: binciken 1990 ɗin nan ya auna bin bayan mota, ya samu ragin kashi 62 cikin 100. A 2018 Denise Mueller-Korenek ta kai kilomita 296 a awa a kan keke a bayan motar tsere a filin gishiri na Bonneville a Amurka, da direban da aka horar da hanyar da aka share. Na san yadda bayan babbar mota ke jan samari. Direban bai san kana nan ba, ba ka ganin ramin da zai bi ta kansa, kuma birkinsa ya fi saurin hannunka. Ina roƙonka da Allah kada ka yi, kuma ka hana duk wanda kuke fita tare.

Saura zaman jiki. Wanda ya taɓa ɗaukar fallen kwano a ka ranar iska ya san idan ya tsayar da shi iska za ta kayar da shi, idan ya kwantar da shi ta gefensa sai ya wuce. Bayanka da ƙirjinka su ne fallen. Mutane da yawa suna zaton kama lanƙwasar ƙasa shi ne ƙarshen magana, amma idan ka kama ta da hannuwa a miƙe, dogayen hannuwa biyu ne ka tsayar a gaban iska. Gwajin da aka yi a ɗakin iska na jami'ar Monash a Ostareliya ya nuna riƙe robar birki, ka lanƙwasa gwiwar hannu har daga gwiwa zuwa wuyan hannu ya kwanta daidai da ƙasa, ya fi kama ƙasa da miƙaƙƙun hannuwa, kuma yana rage sama da kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da ake buƙata idan aka kwatanta da zaman da aka saba. A lissafinmu, sauka daga 0.35 zuwa 0.29 yana rage kusan wat 33, ko kuma da ƙarfin nan naka na 230 ka tashi daga kilomita 36 zuwa 38. Ka matso da gwiwoyin hannu ciki kada su buɗe, ka sa kai ya nutse tsakanin kafaɗu, haɓa ta yi gaba, ido yana kan hanya. Gwiwoyin ƙafa su riƙa wucewa kusa da firam.

Tarihin wasan ya tabbatar da wannan. A ranar ƙarshe ta Tour de France ta 1989, Greg LeMond yana bayan Laurent Fignon da daƙiƙa 50, saura tseren agogo na kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris. LeMond ya hau da ƙarin hannuwa da ke haɗe hannayensa a gaba, da hular kwano mai santsi, Fignon kuma ba hula. LeMond ya ɗara shi da daƙiƙa 58, ya ci gasar da 8. Misalin da ya fi burge ni na Chris Boardman ne na Ingila. A 1996 ya yi kilomita 56.375 cikin awa ɗaya, a miƙe da hannuwa can gaba a kan keke na musamman. A 2000, a fili ɗaya a Manchester, da keke irin na da mai kan da aka saba, ya yi 49.441, mita 10 kacal sama da abin da Eddy Merckx ya yi a Meziko a 1972. Shekaru huɗu sun wuce, yana bakin ritaya, amma kusan kilomita bakwai ɗin nan mafi yawansu na siffa ne da kayan aiki.

Sai dai kada ka je gida yau ka saukar da kan kekenka ƙasa gaba ɗaya. Sunkuyawa tana matse kusurwar da ke tsakanin cinya da ciki, kuma idan ta yi yawa ƙarfin takunka yana raguwa, numfashi ya takura, wuya da gadon baya su yi ciwo. Zaman da ya rage maka wat 30 ya kuma hana ka fitar da wat 30 bai ƙare ka da komai ba. Wanda za ka iya riƙewa minti ashirin ya fi wanda za ka riƙe minti biyu. Ka fara da lanƙwasa gwiwar hannu na minti biyu ko uku, ka miƙe, ka sake, kana ƙarawa mako bayan mako, kana kuma ƙarfafa tsokar ciki da ta baya. Ka ajiye zaman don inda yake biya: lokacin da kake gaba, ko kai kaɗai, ko iska na fuskarka. Idan kana cikin jeri ka ɗan ɗago, yatsu a kan birki, domin turjiyar ta riga ta ragu kuma gani ya fi muhimmanci. Ƙarin hannuwan nan na LeMond ba a shiga ayari da su, hannunka ya yi nisa da birki, kuma doka ta hana su a tseren taro. Ɗora hannuwa a saman kan keke ba riƙo, da zama a kan firam wajen gangara, UCI ta haramta su tun 1 ga Afrilu 2021. Kada ka koyi abin da za a kore ka saboda shi ranar gasa.

Tufafi sun fi wili. Rigar ƙwallo mai faɗi da ke kaɗawa a bayanka, idan ta ƙara 0.03 kawai a faɗinka, wat 16 ke nan a gudun 36. Ko ba ka samu rigar keke ba, kai wa tela ya matse maka wadda kake da ita. Wili mai zurfin baki kuma a iskar gefe ta hunturu yana fizgar kan keke, musamman lokacin da babbar mota ta gifta, kuma rami ɗaya zai iya tsaga kabon. Idan dole sai ka kashe kuɗin, hular kwano mai kyau ce farko, sai tayoyi masu kyau, sai tanadin sarƙa, domin ƙurarmu tana cin ta da wuri.

Zafi ma yana da nasa. Jiki yana mai da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na abin da ya ƙone zuwa taku, sauran zafi ne. Kana ba feda wat 200, jikinka yana fitar da zafin wat 600 ko fiye, kuma iskar nan da muke gudu ita ce ke busar da gumi ta sanyaya ka. A Afrilu da Mayu, lokacin da muke haye digiri 40, iska ta fi sauƙin ratsawa da kusan kashi 8 cikin 100 idan aka kwatanta da safiyar hunturu mai sanyi, amma wanda ya daɗe a fake a baya ba ya samun isasshiyar iskar sanyaya jiki. A irin lokacin buɗe zif ɗin riga ya fi wat ɗin da zai ci maka, ku fita da an idar da sallar asuba, ku ɗauki ruwa fiye da yadda kuke zato.

Kana iya gwada duk wannan ba tare da na'urar auna wat ba. Ka sa abokinka ya ɗauke ka hoto da waya daga gaba, daga wuri ɗaya, a kowane zama, ka ga wanne ya fi tare bango. Sannan da sassafe kafin iska ta taso, ka samu gangara mai ɗan tsawo inda babu motoci, ka fara daga alama ɗaya a tsaye, kada ka taka feda, ka duba gudun da ka kai a ƙasa da inda keken ya tsaya. Ka maimaita kowane zama sau da yawa, kana sauya su bi da bi don kada canjin iska ya ruɗe ka, tayoyi da iska iri ɗaya, riga ɗaya. Ranar Lahadi kuma kafin ku tashi, ku zauna ku huɗu ku shirya: wa ke bin wa, daƙiƙa nawa kowa zai yi a gaba, ta wane hannu ake sauka gwargwadon iskar ranar, da kuma alamar da daga ita karɓa-karɓa ta ƙare, kowa ya yi ta kansa har gari.